Friedrich Sertürner: Yaron kantin magani da ya fara fitar da mofin daga tsiro

A duk asibitin da ake yi wa mutum babbar tiyata, ko ake jinyar mai cutar daji da ta yi nisa, ko aka kawo mai sikila yana murƙususu saboda ciwon ƙashi, akwai maganin da likitoci ke komawa gare shi idan farasitamol da ire-irensa suka gaza. Sunansa mofin. Fiye da shekara 200 bayan gano shi, har yau da shi ake auna ƙarfin sauran manyan magungunan kashe raɗaɗi, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba.

Mutumin da ya fara fitar da wannan magani bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Friedrich Wilhelm Adam Sertürner yaron shago ne a wani kantin magani da ke Jamus, kuma shekarunsa ba su wuce 21 ba lokacin da ya soma aikin. Shi ne ya fara nuna cewa ana iya tsamo ainihin sinadarin da ke aiki a cikin tsiron magani, a tsarkake shi, a auna shi a sikeli. A kan wannan tushe aka gina masana'antar magunguna ta zamani. Sai dai abin da ya gano ya zo wa duniya da sauƙi da kuma masifa a lokaci guda, kuma shi kansa ya ɗanɗani kowanne daga cikinsu.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Sertürner ranar 19 ga Yunin 1783 a garin Neuhaus da ke kusa da birnin Paderborn, a yammacin Jamus ta yau. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa, Joseph Simon, injiniya ne kuma mai awon filaye, yana yi wa bishop ɗin Paderborn aiki, wanda a lokacin shi ne kuma mai mulkin yankin.

Mahaifin ya rasu a 1798, yaron yana da shekara 15, kuma bai bar wa iyalin wata dukiya ba. Maganar dogon karatu ta tsaya a nan. A shekarar da ta biyo baya aka kai shi koyon sana'a a kantin maganin fada na Paderborn, wurin wani mai haɗa magunguna da ake kira Cramer.

Kantin magani na wancan zamani ya fi kama da shagon mai maganin gargajiya fiye da kemis na yau. Babu ƙwayoyi a kwali. Abin da ke kan katako shi ne saiwoyi da sassaƙe da busassun ganyaye da ƙaro da mayuka. Likita ya rubuto takarda, mai kanti ya daka, ya jiƙa, ya tace, ya auna. Aikin yaron shago ke nan tun daga safe har dare. Sertürner ya shekara huɗu yana wannan, ya ci jarrabawar kammala koyo a watan Agustan 1803, ya ci gaba da zama a kantin a matsayin mataimaki. Ilimin sinadaran da ya samu, shi ya koya wa kansa daga littattafai da gwaje-gwajen da yake yi bayan an rufe shago.

Matsalar ofiyom

Mafi ƙarfin maganin ciwo da ke kowane kanti a Turai a lokacin shi ne ofiyom, wanda Larabawa ke kira afyun. Daga tsiron fofi ake samunsa. Bayan furen ya zube, sai a tsaga ɗanyen ƙoƙon da 'ya'yan ke ciki da wuƙa, wani farin ruwa kamar nonon tumfafiya ya tsatso. Idan ya kwana ya sha iska sai ya daskare ya koma ruwan ƙasa, a kankare shi a dunƙula.

Mutane sun shafe dubban shekaru suna amfani da shi. Likitocin Girka da na Rum sun rubuta a kansa. Ibn Sina ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, ya sanya shi cikin mafiya ƙarfin magungunan dusar da ciwo, ya kuma yi gargaɗin cewa yana kisa idan aka wuce kima. A ƙarni na 17 likitan Ingila Thomas Sydenham ya yaɗa wani haɗi na ofiyom da giya da ake kira lodanam, wanda ya zama ruwan dare a gidajen Turawa.

Babbar matsalar ita ce babu wanda ya san ƙarfin abin da ke hannunsa. Dunƙulen da ya zo daga wata gona yana iya ninka na wata gonar ƙarfi, gwargwadon ƙasa da yanayi da lokacin da aka tsaga ƙoƙon. Ga kuma 'yan kasuwa da ke yi masa algus don ya ƙara nauyi. Awon da bai yi wa maras lafiya komai ba a wannan wata, shi ne zai iya hana wani numfashi a wata mai zuwa. Likitoci na ɗora laifi a kan masu kanti, masu kanti na ɗorawa a kan fatake.

Sertürner ya yi tunanin cewa dole akwai wani abu guda a cikin ofiyom da ke sa barci yana kashe ciwo, kuma yawansa ne ke bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule. Idan aka ware shi, an huta da kirdado.

Yadda ya gano shi

Tun wajajen 1804 ya soma gwaje-gwaje da 'yan kayan aikin da ke kantin. Da farko ya fitar da wani asid daga ofiyom, wanda yanzu ake kira asid ɗin mekonik. Ya ba karnuka, bai sa su barci ba. Ke nan ba shi ne abin da ake nema ba.

Sai ya jiƙa ofiyom, ya tace ruwan, ya zuba masa amoniya. Wani gari mai launin toka ya kwanta a ƙasa. Ya narkar da shi a barasa ya sake tacewa, har ya samu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gishiri, waɗanda ba sa narkewa sosai a ruwa. Da ya ba karnuka wannan sai suka yi ta barci, ɗaya daga cikinsu ma ya mutu. Ragowar ofiyom ɗin da aka cire wa wannan abu kuwa ya rasa mafi yawan ƙarfinsa.

Akwai wani abin da ya fi wannan ba masana mamaki. Duk matar da ta saba da girki ta san cewa idan yakuwa ta yi tsami, ɗan jiƙon kanwa ake zuba mata ya kashe tsamin. A ilimin sinadarai ma haka abin yake: akwai dangin tsami, wato asid, akwai kuma dangin kanwa da ruwan toka waɗanda ke kashe tsami, idan suka haɗu su haifar da wani nau'in gishiri. Masanan wancan zamani sun tafi a kan cewa abubuwan da ke aiki a cikin tsirrai duk dangin tsami ne. Abin da Sertürner ya fitar kuwa halinsa irin na kanwa ne, yana haɗuwa da asid ya ba da gishiri. Wannan ya saɓa wa abin da ke cikin littattafai.

Ya aika da sakamakonsa ga mujallar masu haɗa magunguna da Johann Trommsdorff ke bugawa, aka wallafa a 1805 da 1806. Editan ya buga, amma ya haɗa da nasa bayanin da ke nuna yana da shakku, yana neman a sake gwadawa. Manyan masana ba su ko waiwayi rubutun ba. Mataimakin mai kanti ne daga ƙaramin gari, ba shi da digiri, ba shi da wani babban malami da zai tsaya masa.

Zamansa a Einbeck

A 1806 ya koma garin Einbeck ya kama aiki a kantin maganin hukumar garin. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon ne. Faransawa sun mamaye yankin, a 1807 suka kafa masarautar Westphalia suka naɗa Jérôme, ƙanen Napoleon, sarki. Sabbin masu mulkin sun soke tsohuwar dokar da ta ba kanti guda ikon sayar da magani a gari shi kaɗai. Wannan ya ba Sertürner damar buɗe nasa kantin a 1809.

Nan ya samu wurin aiki na kansa, ya koma kan binciken ofiyom. Ya ƙara tsarkake sinadarin, ya haɗa shi da asid iri-iri ya nazarci gishirin da ke fitowa. Ya kuma raɗa masa suna mofiyum, daga Morpheus, gunkin mafarki a tatsuniyoyin Girkawa, saboda barcin da yake sawa.

Gwajin da ya kusa ƙarewa da mutuwa

Karnuka ba sa magana, don haka ba za su faɗi abin da suke ji ba. Sertürner ya yanke shawarar gwada sinadarin a jikin ɗan Adam. Ya samo matasa uku, babu wanda ya wuce shekara 17 a cikinsu, shi ya zama na huɗu.

Kowannensu ya sha kimanin miligiram 30 da aka narkar a barasa aka sirka da ruwa. Fuskokinsu suka yi ja. Bayan rabin sa'a suka ƙara irin wannan awo, sai tashin zuciya da jiri suka biyo baya. Bayan minti 15 suka sha na uku. Cikin ƙasa da sa'a guda kowane ɗayansu ya haɗiyi kusan miligiram 90. A yau likita kan fara ba baligin da bai saba da maganin ba miligiram 5 zuwa 10 ne ta baki.

Matasan suka kamu da ciwon ciki mai tsanani, jikinsu ya mutu, suka soma fita hayyacinsu. Shi kansa Sertürner ya kwanta tsakanin barci da farke. Da ya lura abin ya zama guba, sai ya yunƙura ya sha ruwan tsami mai ƙarfi na binega, ya ɗura wa sauran. Suka yi ta amai. Sun shafe kwanaki da ciwon kai da ciwon ciki da kasala kafin su dawo daidai.

Babu hukumar lafiyar da za ta yarda da irin wannan gwaji a yau, balle a kan yara masu ƙananan shekaru. Sa'a ce kawai ta sa ba a fitar da gawa daga ɗakin ba. Amma gwajin ya tabbatar da cewa wannan sinadari shi ne ƙarfin ofiyom, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya yi kisa. Ya kuma ba da labarin yadda ƙaramin awo ya kwantar masa da ciwon haƙorin da ofiyom ya kasa magancewa.

A 1817 ya wallafa cikakken bayanin a mujallar kimiyya ta Annalen der Physik. A cikin rubutun ya ja hankalin masu karatu kan munin illar sinadarin, yana ganin hakki ne a kansa ya yi gargaɗi kafin wani ya cutu.

Suna ya fito, rigima ta biyo baya

Wannan karon rubutun ya faɗa hannun wanda ya san darajarsa. Joseph Louis Gay-Lussac, ɗaya daga cikin manyan masanan sinadarai na Faransa, ya sa aka fassara shi aka buga a Paris a wannan shekara. Ya yi hasashen cewa za a samu irin wannan sinadari a wasu tsirrai masu ƙarfi, ya kuma gyara sunan zuwa wanda duniya ta sani yanzu. Ƙarshen sunan da ya zaɓa shi ne aka ci gaba da liƙa wa 'yan'uwansa, shi ya sa ake jin kodin da kwinin da kafeyin da nikotin duk suna ƙarewa iri ɗaya. A 1817 ɗin ne kuma Jami'ar Jena ta ba Sertürner digirin girmamawa na dakta.

Da suna ya fito sai masu jayayya suka taso. A 1803 wani mai haɗa magunguna a Paris, Charles Derosne, ya riga ya fitar da wani gishiri daga ofiyom. Wani Bafaranshen kuma, Armand Séguin, ya gabatar da irin wannan aiki ga cibiyar kimiyya ta ƙasarsu a 1804, amma ba a buga shi ba sai 1814. Wasu masanan Faransa suka zargi Bajamushen da kwashe aikin mutanensu.

Bincike ya nuna cewa mafi yawan abin da Derosne ya fitar wani sinadari ne daban da ake kira nakotin, wanda ba ya kashe ciwo. Shi da Séguin kuma ba su gane cewa suna riƙe da sabon jinsin sinadari mai halin kanwa ba. Derosne ma ya ɗauka cewa wannan hali ya fito ne daga kayan da ya yi aikin da su. A 1831 cibiyar kimiyya ta Faransa da kanta ta rufe maganar, ta ba Sertürner kyautar Montyon ta faran 2,000, saboda gane yanayin mofin da kuma buɗe hanyar da ta kai ga wasu manyan magunguna.

Hanyar da ya buɗe

Hasashen Gay-Lussac bai daɗe ba ya tabbata. Masana suka ɗauki dabarar Sertürner suka bi tsirran magani ɗaya bayan ɗaya. A 1819 Carl Meissner ya raɗa wa wannan jinsi na sinadarai sunan alkaloyid. A wannan shekara Friedlieb Runge ya fitar da kafeyin daga kofi. A 1820 Pelletier da Caventou a Paris suka fitar da kwinin daga sassaƙen itacen sinkona, maganin da aka daɗe ana yaƙar zazzaɓin cizon sauro da shi. Su ne kuma a wannan shekara suka fitar da kolcisin, wanda har yau ake ba masu kumburin gaɓɓai irin na gawut. A 1832 Pierre Robiquet ya koma kan ofiyom ɗin ya fitar da kodin.

Maganin kumburi ma ta wannan hanya ya biyo. Turawa sun daɗe suna jiƙa sassaƙen itacen wilo don zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. A 1828 Johann Buchner a birnin Munich ya ware sinadarin da ke cikinsa, ya kira shi salisin. Daga shi aka samu asid ɗin salisilik, daga wannan kuma kamfanin Bayer ya haɗa asfirin a 1897.

Magungunan biyu ba hanya ɗaya suke bi a jiki ba. Asfirin da danginsa suna aiki ne a wurin da ciwon yake, suna hana jiki ƙera sinadaran da ke kawo kumburi da zafi, kamar yadda John Vane ya gano a 1971. Mofin kuwa ba ya rage kumburi. A ƙwaƙwalwa da laka yake aiki, yana dusar da saƙon ciwo kafin mutum ya ji shi. Shi ya sa yake iya kwantar da raɗaɗin da sauran suka kasa. Shi ya sa kuma yake rage numfashi idan ya yi yawa, yake kuma sa jiki ya saba da shi har ya riƙa nema.

A 1827 Heinrich Emanuel Merck, mai kantin magani a birnin Darmstadt, ya soma haɗa mofin da yawa don sayarwa. Wannan kanti shi ne ya girma ya zama kamfanin Merck. Sertürner bai yi arziki da abin da ya gano ba.

Rasa kanti da komawa Hameln

A daidai lokacin da sunansa ke zagaya Turai, a gida kasuwarsa ce ke rushewa. Mulkin Faransawa ya faɗi a 1813, yankin ya koma hannun gwamnatin Hanover, wadda ta dawo da tsoffin dokoki. Lasisin da Faransawa suka ba shi ya zama takardar banza. Ya yi ta kai ƙara da roƙo, amma a 1817, shekarar da babban rubutunsa ya fito, aka tilasta masa rufe kantin.

A farkon shekarun 1820 ya samu kantin maganin hukumar garin Hameln da ke bakin kogin Weser, inda ya gaji wani sanannen masanin sinadarai, Johann Westrumb. A 1821 ya auri Eleonore von Rettberg, 'yar garin Einbeck, suka haifi 'ya'ya shida. A Hameln ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Hankalinsa bai tsaya kan magani kaɗai ba. Ya yi aiki a kan bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya, da kuma haɗin darma da wani ƙarfe don inganta harsashi. Ya rubuta littafi mai juzu'i biyu da yake son ya bayyana dokokin sinadarai da na halitta gaba ɗaya, ya kuma kafa mujallarsa don yaɗa ra'ayoyinsa. Yawancin waɗannan ra'ayoyi hasashe ne da ba su da gwaji a bayansu, kuma masana sun yi watsi da su. Wannan ya ƙara masa ɗacin rai da jin cewa ana raina shi.

A kan wani batu guda kuwa ya riga zamaninsa. Lokacin da annobar kwalara ta shiga Jamus a 1831, yawancin likitoci na ganin gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Sertürner ya rubuta cewa wata halitta ce mai rai, mai hayayyafa, ke haddasa cutar. Ba a saurare shi ba. Sai bayan fiye da shekara 50 Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar ta kwalara.

Rashin lafiya da rasuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe amosanin gaɓɓai ya kama shi da tsanani, ya zama mai yawan keɓewa da ƙuncin zuciya. Ya koma ga maganin da ya gano don samun sauƙi, kuma da dama daga cikin marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa jikinsa ya saba da shi. A lokacin akasari ta baki ake shan mofin, domin ba a ƙirƙiro sirinjin allura ba tukuna.

Ya rasu a Hameln ranar 20 ga Fabrairun 1841 yana da shekara 57. An kai gawarsa Einbeck aka binne, garin da ya yi babban aikinsa kuma aka rufe masa kanti. A yau akwai tituna masu ɗauke da sunansa a garuruwan Jamus da dama.

Abin da ya faru bayansa

Shekara 12 bayan rasuwarsa, a 1853, likitan Sikotilan Alexander Wood ya soma yi wa marasa lafiya allurar mofin. Maganin ya koma yana aiki cikin mintuna. An yi amfani da shi sosai a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma sojoji da yawa sun koma gida da jarabarsa.

Neman wanda ba ya kama jiki ya kai masana ga abin da ya fi shi muni. A 1874 wani masani a Landan, Alder Wright, ya sarrafa mofin ya samu wani sabon sinadari. A 1898 kamfanin Bayer ya fitar da shi kasuwa a matsayin maganin tari da sunan heroin. Sai da aka shafe shekaru kafin a yarda cewa ya fi uwarsa kama mutum. Irin waɗannan abubuwa ne suka haifar da yarjejeniyoyin duniya na taƙaita miyagun ƙwayoyi, ciki har da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961.

Kimiyya ta ɗauki lokaci kafin ta fahimci abin da yaron kantin ya tsamo. Sai a 1925 Robert Robinson da John Gulland suka gano tsarin ginin sinadarin. A 1952 Marshall Gates ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da tsiro ba, amma hanyar tana da wahala da tsada, don haka har yau daga gonakin fofi ake samun mofin ɗin asibiti. A 1973 aka gano wuraren da yake maƙalewa a ƙwaƙwalwa, a 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka nuna cewa jikin ɗan Adam da na dabbobi na ƙera nasu sinadaran masu irin wannan aiki.

Inda labarin ya shafe mu

Fuskoki biyun abin da Sertürner ya gano duk ana ganinsu a Najeriya. Kodin ɗin da matasa da matan aure suka riƙa sha a kwalaben maganin tari ɗan'uwan mofin ne, kuma idan ya shiga jiki hanta na mayar da wani sashensa mofin. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake safararsa. Binciken shaye-shaye na ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha magungunan wannan dangi ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda, akasari tiramadol. Shi tiramadol a masana'anta ake haɗa shi, amma wuraren da mofin ke kamawa a ƙwaƙwalwa shi ma yana kama su.

Ɗaya fuskar ba a cika maganarta ba. Yayin da ƙwayoyi ke yawo a tasha da lungu, masu cutar daji da masu sikila da waɗanda aka yi wa tiyata sukan rasa mofin a asibiti. Wani kwamitin masana da mujallar lafiya ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa a duniya. Tsauraran dokoki da tsoron jaraba da ƙarancin horo ga ma'aikatan lafiya na cikin dalilan. Yuganda ta nuna cewa ana iya gyarawa: tun shekarun 1990 ake haɗa ruwan mofin mai araha a ƙasar, kuma a 2004 aka ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi.

Akwai kuma abin da masu binciken magungunan gargajiya a jami'o'inmu ke ɗauka daga aikinsa. Duk wanda ke jiƙa saiwa ko sassaƙe a ɗakin gwaji yana neman sanin ko yana kashe ciwo ko yana rage kumburi, tambayoyin da Sertürner ya yi wa ofiyom su yake maimaitawa: mene ne ke aiki a ciki, nawa ne a cikin kowane awo, nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa. Kasancewar magani ya fito daga tsiro ba ya nufin ba shi da illa, domin mofin ma daga fure ya fito. Har yanzu kuma akwai tsirrai da yawa a kasuwannin maganin gargajiya da ba a amsa waɗannan tambayoyi a kansu ba.